Wace Jaka Za Ka Goya? Tambayi Sikeli Kafin Ka Tambayi Mai Sayarwa

Rana ta uku ce ke tona asirin jakar goyo. Ranar farko ɗoki ne ke ɗauke da kai. Rana ta biyu kunyar abokan tafiya ce ke rufe maka baki. Amma da asubahin rana ta uku, idan ka sunkuya za ka saɓa jakar, sai ka ji kafaɗunka sun riga ka cewa a'a.

Haka ta kasance da ni a tattakina na farko na kwana shida cikin tsaunuka. Na tashi da kilo 23 a baya, alhali ni kaina kilo 68 ne, wato kashi ɗaya cikin uku na jikina nake hawa dutse da shi. Daren na uku da na tuɓe riga, shatin igiya biyu ne kwance a kafaɗuna kamar an zane ni da bulala, yatsu biyu na hannun hagu kuma sun mutu, ina murza su ba na jin komai. A cikin jakar akwai wando uku, tukunya biyu, abincin gwangwani, wani littafi mai kauri da ko bangonsa ban buɗe ba, da ƙaramin gatari wanda har na dawo ban sari ko tsinke da shi ba.

Da na dawo sai na ɗora wa jakar laifi, na shiga neman wadda ta fi ta. A nan ne masu ba da shawara suke rabuwa gida uku. Wasu za su ce ka sayi babbar jaka mai ƙaƙƙarfan firam, wato sandunan da ke tokare jakar ta baya, wadda za ta ɗauki duk abin da ka loda mata ba gardama. Wasu za su ce ka rabu da firam gaba ɗaya, ka rage kaya har su daina bukatar sa. Wasu kuma suna tsakiya. Na goya dukkan ukun, kowace na kwana da ita a hanya, kuma abin da na gane shi ne ba za ka iya zaɓa cikinsu ba sai ka san lamba ɗaya: kilo nawa ne za su kasance a bayanka ranar da kayan suka fi nauyi. Jaka ita ce abin da ake saye a ƙarshe, bayan an tara kayan an ɗora su a sikeli.

Kayan matafiyi iri biyu ne. Akwai waɗanda ba sa raguwa: tanti, jakar barci, shimfiɗa, tufafi, risho, tocila, magunguna, da ita kanta jakar. Yadda ka tashi da su haka za ka dawo da su. Akwai kuma masu ƙarewa, wato abinci, ruwa da makamashin girki. Masu doguwar tafiya a Amurka sun saba auna rukunin farko shi kaɗai. Wanda nasa bai kai kilo 9 ba suna ɗaukar sa mai sauƙin kaya, wanda ya yi ƙasa da kilo 4 da rabi kuwa ya shiga sahun waɗanda suka kai rage kaya maƙura.

Rukuni na biyu shi ke yaudarar mutane, domin ba ya nan ranar da ake gwada jaka a ɗaki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, babu ragi. Busasshen abincin wanda ke wuni yana tafiya yakan kai giram 700 zuwa kilo ɗaya a rana. To ɗauki mutumin da kayansa marasa raguwa kilo 8 ne, zai yi kwana biyar bai ga gari ba. Abinci kilo 4 ke nan. Idan hanyar tana bin rafi, lita biyu ta ishe shi, jimla 14. Mutumin nan dai, da kayan nan dai, in aka kai shi inda sai an wuni ana tafiya kafin a sake ganin ruwa, lita shida zai ɗauka, jimlar ta koma 18. Kilo huɗun nan kaɗai sun isa su fitar da shi daga wata jaka su sa shi cikin wata.

Shi ya sa yawan kwanakin tafiya ba ya gaya maka komai. Wanda zai yi wata guda a hanyar Santiago ta ƙasar Sifen, kilomita kusan 780 daga Saint-Jean-Pied-de-Port, yana kwana a masaukin matafiya yana samun abinci a ƙauyukan hanya, jakar da girman cikinta lita 35 ne ta ishe shi, kuma masu bin hanyar sukan ce kada kaya su wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki. Wanda zai yi kwana huɗu kacal a dajin da babu kowa yana iya bukatar ninkin wannan. Abin dubawa shi ne tazara mafi tsawo tsakanin ruwa da ruwa, da tsakanin guzuri da guzuri.

Akwai ma'aunin da aka saba ambata ga mai kwana a daji: kada kaya su haura kashi 20 cikin 100 na nauyin jiki. Mai kilo 70 ya tsaya a 14, mai kilo 55 ya tsaya a 11. Yana da amfani a matsayin mafari, amma akwai rashin adalci a cikinsa. Tanti ba ya ƙanƙancewa don mai ɗaukar sa ƙaramin jiki ne, saboda haka masu ƙaramin jiki su ne rage kaya ya zame wa dole. Mai ƙiba kuma kada ya ce lissafi ya ba shi izinin kilo 22, domin gwiwoyinsa tun daga gida suna ɗauke da nasu lodin.

Bari mu fara da babbar. Jaka mai firam irin ta zamani ta samo asali ne daga Kalifoniya, inda Dick Kelty ya fara ƙera firam na alminiyum a 1952, ana rataya buhun kaya a jikinsa. A 1967 Greg Lowe ya shigar da firam ɗin cikin jakar, kuma yau kusan duk abin da za ka gani a kasuwa irin wannan ne. Dabarar guda ce: sandunan firam suna karɓar nauyi daga sama su sauke shi kan ɗamarar ƙugu, ɗamarar ta miƙa shi ga ƙashin kwankwaso, daga nan ya wuce ƙafafu. Idan jakar ta zauna daidai, kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin a ƙugu yake. Kafaɗa aikinta kawai ta hana jakar faɗuwa baya.

Babbar jaka mai firam na ciki tana ɗaukar lita 65 zuwa 85, ita kanta ba komai a ciki tana kai kilo 2 zuwa 3. Ɗamararta mai kauri ce, ba ta lanƙwashewa, yadinta kuma yana jure ƙaya da gogar dutse. Da ita za ka ɗauki kilo 20 zuwa 25 ka ji nauyi a cinyoyinka amma ba ciwo a wuya. Wanda ke tafiya da yara yana ɗaukar kayansu, wanda zai shiga sanyi mai ƙanƙara, mai ɗaukar hoto da manyan na'urori, da wanda zai yi kwana goma babu inda zai ƙara guzuri, waɗannan ba su da zaɓi, ita ce tasu.

Mai firam na waje, wadda wasu ke yi wa kallon kayan tarihi, ba ta mutu ba. Tana barin iska ta ratsa tsakanin baya da kaya, tana sa mutum ya miƙe tsaye, kuma ana iya ɗaure mata abu marar fasali, kamar jarkar ruwa, wanda ba zai shiga kowace jaka ba. A shimfiɗaɗɗiyar hanya mai faɗi har yau ban ga wadda ta fi ta ɗaukar lodi ba. Amma da zarar hanya ta zama ta tsalle daga dutse zuwa dutse, ko ta kutsawa cikin rassa, sai ta riƙa rinjayar ka gefe, firam ɗin yana saƙalewa.

Laifin babbar jaka ɗaya ne, kuma ba a jikinta yake ba, a zuciyar mai ita yake: fili yana kiran kaya. Ka shirya komai ka ga saura lita goma ba komai, sai ka tuna da wando na uku. Ni haka gatarina ya samu shiga.

A ɗaya ƙarshen akwai marar firam, wadda a gaskiya buhu ne da aka yi wa hannaye. Nauyinta giram 400 zuwa 700. Masoyanta suna yawan kafa hujja da Emma Gatewood, wadda a 1955, tana da shekara 67, ta taka hanyar Appalachian ta Amurka tun daga jihar Jojiya har Maine, fiye da kilomita 3,000, cikin kwana 146, da jakar da ta ɗinka da hannunta rataye a kafaɗa ɗaya, da labulen banɗaki na leda a madadin tanti. Labarin gaskiya ne kuma abin jinjina ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne hanyar tana ratsa kusa da garuruwa, ruwa bai cika yi mata nisa ba, kuma tsohuwar ta sha kwana a gidajen mutanen da suka karɓe ta. Daga baya, cikin shekarun 1990, Ray Jardine ya mayar da wannan salo makaranta guda mai mabiya, musamman a hanyar Pacific Crest mai tsawon kilomita 4,265 daga iyakar Meziko zuwa Kanada.

Daɗin marar firam ba ya faɗuwa sai an ɗanɗana. Da kilo 7 a baya kana tafiya kamar ba ka ɗauki komai ba, kana juyawa yadda kake so, ka isa masauki da sauran ƙarfin tsayawa ka kalli faɗuwar rana. Amma tana da iyaka mai kaifi, wajen kilo 9 zuwa 10. Da ka haura nan, jakar za ta lanƙwashe a tsakiya, ɗamarar, in ma akwai, ta zama ado, nauyin duka ya koma kafaɗa. Akan naɗe shimfiɗar barci ta soso a jingina ta ta ciki don ta zama kamar firam, kuma hakan na taimakawa, amma ba ya ƙara iyakar da yawa. Ko a Pacific Crest ɗin, akwai wurare a hamadar kudancin Kalifoniya da mutum ke ɗaukar lita biyar ko shida, sannan a tsaunukan Sierra Nevada doka ta tilasta ajiye abinci cikin wani tauraron mazubi da dabbar beyar ba ta iya buɗewa, mai nauyin wajen kilo ɗaya, wanda in ka cusa shi cikin jaka marar firam zai wuni yana tokarin ƙashin bayanka.

Abin da ya fi damuna da ita shi ne ba jaka kawai kake saye ba, ilimi take nema. Wanda ya bar tanti ya ɗauki shimfiɗar tamfol mai sauƙi dole ya iya zaɓen wurin kwana, ya san ta inda iska za ta taso, ya iya ɗaurin igiya cikin duhu ana ruwa. Wanda ya ɗauki rigar sanyi ɗaya dole ya san yadda zai hana ta jiƙewa. Sabon shiga da ya kwaikwayi jerin kayan gwani ba tare da sanin gwanin ba, zai iya kwana yana kyarma a kan dutse, kuma sanyin jiƙaƙƙen jiki yana kisa ko da babu ƙanƙara. Ba na ba sabon matafiyi shawarar ya fara da ita.

Ta tsakiya ita ce mai siririn firam, sanda ɗaya ko biyu na alminiyum ko kabon, da ɗamara ta gaske amma ba mai kauri sosai ba. Lita 45 zuwa 60, nauyinta giram 900 zuwa kilo ɗaya da rabi, kuma tana ɗaukar kilo 13 zuwa 16 cikin mutunci. Ba ta da tarihin burgewa, ba ta da mabiya masu zafin ra'ayi. Amma koma kan lissafin da muka yi ɗazu: kilo 8 na dindindin, 4 na abinci, 2 na ruwa. Nan ne mafi yawan mutane suke, a tafiyar kwana uku zuwa bakwai, ba cikin tsananin sanyi ba. Ta fi babbar sauƙi da kilo guda ko fiye, ƙarancin filinta yana hana ka kwaɗayi, kuma ranar da ruwa ya yi nisa ka ƙara lita uku, za ta yi nishi amma ba za ta watsa maka ƙasa a ido ba. Rauninta yadi ne: ya fi siriri, aljihunan raga na gefe kuma su ke fara yagewa in kana ratsa ƙaya. Idan aka ce in zaɓa wa wanda ban sani ba jaka ɗaya, ita zan miƙa masa.

Sai dai duk wannan maganar nau'i, girman da ya dace da bayanka ya fi ta muhimmanci. Jakar tsakiya da ta zauna maka daidai ta fi babbar da ta yi maka tsawo. Kuma ba da tsayin mutum ake aunawa ba, da tsawon gadon baya ne. Sunkuyar da kai ka shafa bayan wuyanka, za ka ji wani ƙashi ya turo, daga nan awo ke farawa. Sai ka kama ƙugu ka lalubo saman ƙashin kwankwaso ta gefe biyu, layin da ya haɗa manyan yatsunka ta baya shi ne ƙarshensa. Mafi yawan manya suna faɗawa tsakanin santimita 40 da 55. Mutum biyu masu tsayi ɗaya suna iya bambanta da girma guda, don ɗaya ƙafa ce ta yi masa tsawo, ɗaya kuma baya. Jakunkunan da aka yanka don mata suna da gajeren baya, hannaye masu kaucewa ƙirji, da ɗamara mai buɗewa ta ƙasa. Akwai maza masu gajeren baya da su ne suka fi yi musu daidai, akwai kuma matan da na maza suka fi zauna musu. Jiki magayi.

Kada ka gwada jaka ba komai a ciki, duk jaka daɗi gare ta a haka. Zuba mata kilo 12, ka yi rabin awa da ita, ka hau matakala ka sauko. Ɗaurin ma yana da tsari. A sassauta komai tukuna. A fara da ɗamara, tsakiyarta a kan saman ƙashin kwankwaso, ba a kan ciki ba, a ja ta sosai. Sannan hannayen kafaɗa, a ja su har su kwanta, ba har su matse ba. Sannan ƙananan maɗauran nan biyu da suka taso daga saman kafaɗa zuwa kan jakar, waɗanda mutane da yawa ba su san amfaninsu ba: su ne ke jawo saman jakar kusa da kai, kuma a babbar jaka ya kamata su yi kwana kamar digiri 45. Na ƙirji shi ne ƙarshe, a sama-sama, yadda ba zai hana numfashi ba. Idan ka gama ka iya zura yatsa ƙarƙashin hannun kafaɗa ta sama ba da wahala ba, nauyin ya sauka inda ya kamata.

Mutuwar yatsun nan da na yi ba abin wasa ba ce, daga baya na sani. Jijiyoyin da ke sarrafa hannu suna fitowa daga wuya su bi ta ƙarƙashin ƙashin da ya ratsa zuwa kafaɗa, daidai inda hannun jaka ke dannawa. Likitocin soja sun daɗe da sanin wannan larura a wurin masu ɗaukar kaya masu nauyi, kuma in aka yi ta dannawa hannu yana iya yin rauni na makonni ko watanni. Da ka ji tsira-tsira a yatsu, tsaya, sassauta kafaɗa, ƙara matse ɗamara.

Yadda aka jera kaya ma yana canza nauyin da jiki ke ji ko da sikeli bai canza ba. Jakar barci da duk abin da ba a bukata sai dare a ƙasa. Masu nauyi, abinci da ruwa da risho, a manne da baya, daga tsakiyarsa zuwa tsakanin allunan kafaɗa, a tokare su da tufafi don kada su yi yawo. Rigar ruwa da magunguna a sama. Kilo biyu da aka rataya a bayan jaka can nesa da jiki suna jan ka baya, kana rama wa da sunkuyo, kuma da la'asar ƙugunka ne zai biya bashin. Kofi da takalmin da ke reto a waje suna cin ƙarfi a kowane taku.

To, idan sikeli ya nuna 19 kai kuma kana son ta tsakiya, a ina za ka rage? Akwai masu yanke mariƙin buroshin haƙori don su tsira da giram biyar. Ban hana su ba, amma nauyin ba a nan yake ba. Yana cikin abu uku: wurin kwana, kayan barci, da jakar kanta. Tantin mutum biyu na gama-gari yana kai kilo 2 da rabi zuwa 3, mai sauƙi da ake kafawa da sandunan dogarawa kuwa bai cika wuce kilo ɗaya ba. Jakar barci mai lallausan gashin agwagwa ta fi ta zaren roba sauƙi da matsewa a ɗumi iri ɗaya, amma ta fi tsada kuma in ta jiƙe ta tashi daga aiki, ta robar kuwa ko da danshi tana riƙe ɗan ɗumi. A wuri mai yawan ruwan sama ni ta robar nake ɗauka in haƙura da nauyin, ko in naɗe ta gashin cikin babbar leda mai kauri a cikin jakar, wadda ta fi murfin ruwa na waje amfani nesa ba kusa ba.

Ruwa shi ne inda dabara ta fi ƙarfi riba. Ƙaramin matacin ruwa bai kai giram 100 ba, kuma in hanya tana da rafuka zai sauke maka kilo biyu ko uku. Yana tare ƙwayoyin bakteriya da tsutsotsin ciki, amma irin na gama-gari ba ya tare bairos, kuma in ya daskare da ruwa a cikinsa ya lalace ko da ba ka ga alama ba, shi ya sa a daren sanyi ake kwana da shi cikin jakar barci. Ƙwayoyin tsarkake ruwa sun fi shi sauƙi amma sai an jira aƙalla rabin awa. Tafasawa ta fi kowace tabbas, minti ɗaya, ko uku in an hau tsauni sama da mita 2,000, sai dai tana cin makamashi. Duk wannan sai ka tabbatar daga taswira da bakin waɗanda suka bi hanyar kwanan nan cewa rafin da aka zana yana da ruwa a wannan lokacin na shekara. Abinci kuwa, giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitaci ko suga 4, abincin gwangwani kuma yawancinsa ruwa ne da ƙarfe kake dako.

Takalmi ba ya cikin jaka amma yana cikin lissafi. Binciken da masanan rundunar sojan Amurka, Soule da Goldman, suka wallafa a 1969 ya nuna nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfi kusan ninki biyar na irinsa a gadon baya, domin kowane taku sai ka ɗaga shi ka jefa gaba. Wannan ya sa zaɓin jaka da na takalmi suke tafiya tare. Mai ɗauke da kilo 22 a kan duwatsu yana bukatar takalmi mai taurin ƙasa, wanda shi ma nauyi ne. Mai kilo 12 zai iya sa mai sauƙi, sai ya ci riba sau biyu.

Akwai zaɓi na huɗu da girman kai ke hana mutane dubawa: kada ka ɗauki kayan duka. A hanyar Santiago akwai masu ɗaukar jaka da mota daga masauki zuwa masauki. A Pacific Crest matafiya suna aika wa kansu kwalin abinci ta gidan waya zuwa garuruwan gaba. A dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, 'yan dako ne ke ɗaukar manyan kaya, ana auna lodin kowane a ƙofar shiga don kada kayan baƙi su wuce kilo 20, mai hawa kuma ya goya ƙaramar jakar wuni. Mai ciwon gwiwa ko wanda shekaru suka ja, wannan ita ce hanyar da za ta bar shi ya ci gaba da tafiya. In ka ɗauki ɗan dako, ka tabbatar an auna masa kaya, yana da takalmi da rigar sanyi, kuma haƙƙinsa ya shiga hannunsa.

'Yan dakon ma suna da abin koya mana. Masu bincike daga wata jami'a a Beljiyam sun auna 'yan dakon Nepal a hanyar kasuwar Namche, suka wallafa a 2005 cewa maza suna ɗaukar kusan kashi 93 cikin 100 na nauyin jikinsu, mata kashi 66, da wani maɗauri da ake ratayawa a kai. Kada ka kwaikwayi maɗaurin, wuyan da ya saba tun yarinta daban yake da naka. Abin kwaikwayo shi ne takunsu. Ba sa sauri ko kaɗan. A hawa mai tsauri sukan yi tafiyar daƙiƙa 15 su huta 45, su tokare kwandon da wata gajeriyar sanda ba tare da sun sauke shi ba. Mu kuwa mukan taso da gudu, mu yi awa biyu, mu zube. Tsohon lissafin William Naismith na ƙasar Sukotlan, na 1892, ya ba da awa ɗaya ga kowane kilomita 5, da ƙarin awa ga kowane mita 600 na hawa, amma wannan na mai ƙarfi ne marar kaya. Da jaka mai nauyi ka ƙara wa kanka lokaci mai yawa a kai, ka riƙa sauke ta na minti biyar zuwa goma kowace awa. Sandunan dogarawa biyu kuma, waɗanda na daɗe ina yi wa kallon kayan tsofaffi, a gangara ne za ka san darajarsu, inda gwiwa ke karɓar duk dukan.

Kowace jaka ka zaɓa, ba a fafe gora ranar tafiya. Makonni shida zuwa takwas kafin tashi ka fara goya ta da rabin nauyin, kana ƙara kilo ɗaya ko biyu kowane mako, a matakala ko tudu, da takalmin da za ka tafi da shi. Ka koyi saɓa ta: ɗora ta kan cinya tukuna, zura hannu ɗaya, sannan ka juya ta baya, kada ka fizge ta daga ƙasa da hannu guda. Idan za ka tsallaka rafi mai gudu, kwance ɗamara da maɗaurin ƙirji, domin in ka faɗi ka iya zamewa daga cikinta kafin ta danne ka.

Ranar da na dawo daga waccan tafiya, wani dattijo da muka haɗu a hanya, wanda jakarsa ba ta kai rabin tawa ba, ya ce in na isa gida kada in mayar da komai ma'ajiya sai na zazzage jakar a ƙasa na kasa kayan kashi uku: abin da na taɓa kullum, abin da na taɓa sau ɗaya, da abin da ban taɓa ba. Magunguna da rigar ruwa kaɗai ya ce a yafe musu ko a wane kashi suka faɗa. Na yi hakan a tsakar ɗaki, na ɗora kashi na uku a sikeli, ya ba ni kilo 6 da ɗoriya. Gatarin shi kaɗai giram 900 ne, daidai da abincin wuni guda.